Imamu Gazali, Malamin Da Ya Bar Kujerarsa Ya Tafi Neman Kansa

Da wuya a sami zauren karatu a ƙasashen Musulmi, tun daga gabas har yamma, inda ba a san sunan Imamu Gazali ba, Allah Ya ji ƙansa. An san shi da fiƙihu da usulu, an san shi da tauhidi da sufanci, har aka yi masa laƙabi da Hujjatul Islam. Amma abin da ya fifita shi a kan yawancin takwarorinsa shi ne ya bar wa na baya labarin abin da ya wakana tsakaninsa da zuciyarsa, bai kuwa rufa wa kansa asiri ba. Malami ne wanda ya kai ƙololuwar ɗaukaka tun bai cika shekara 40 ba, sa'an nan ya tsaya ya tambayi kansa ko shi wane ne in an tuɓe masa rawani, an janye kujera, taron ɗalibai ya watse. Neman amsar wannan tambaya ya ci masa shekara 11.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, alkunyarsa Abu Hamid. An haife shi a garin Ɗus, cikin ƙasar Hurasan, a shekara ta 450 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1058 Miladiyya. Kufan garin yana nan kusa da birnin Mashhad na ƙasar Iran ta yanzu. Masu tarihi sun ce mahaifinsa talaka ne mai kaɗa zaren ulu yana sayarwa, bai yi karatu mai zurfi ba, amma yana ƙaunar zama wurin malamai. Da ajali ya gabato masa sai ya damƙa 'ya'yansa biyu, Muhammadu da Ahmadu, a hannun wani amininsa sufi, tare da ɗan abin da ya mallaka. Mutumin ya riƙe amana har kuɗin suka ƙare, shi ma ba shi da shi, sai ya ba su shawara su shiga makaranta, domin a can ana ciyar da ɗalibai. An ruwaito Gazali yakan ambaci wannan daga baya, yana nuna cewa yunwa ce ta fara kai su ƙofar ilmi, ilmin ne daga bisani ya gyara musu niyya.

Ya fara karatun fiƙihu a garinsu wurin Malam Ahmadu Razakani, sa'an nan ya yi ƙaura zuwa Jurjan. A can ya zauna yana rubuta duk abin da ya fito daga bakin malaminsa, har ya cika gafaka da takardu. A kan hanyarsa ta komowa gida 'yan fashi suka tare ayarinsu, suka kwashe kome da kome. Saurayin bai damu da tufafi ko guzuri ba, sai ya bi sawunsu yana roƙon shugabansu ya mayar masa da gafakar nan, domin duk ilmin da ya baro gida saboda shi a cikinta yake. Shugaban ya fashe da dariya, ya yi masa ba'a, ya nuna masa cewa ilmin da ɓarawo zai iya raba mutum da shi cikin sa'a guda bai zama nasa ba tukuna. Kana ya sa aka miƙa masa abarsa. Gazali ya ɗauki maganar nan a kan cewa Allah ne Ya sa ta a bakin mutumin don Ya farkar da shi. Da ya iso Ɗus sai ya shekara 3 yana haddace abin da ya rubuto.

Malamai sukan kawo wannan labari don su kwaɗaitar da almajirai hadda, da gaskiyarsu kuwa. Amma akwai abin da ya wuce hadda a cikinsa. Ran nan ne aka fara nuna wa Gazali bambancin abin da mutum yake riƙe da shi a hannu da abin da ya zama jikinsa, bambancin da har gobe yake kan ɗalibin da ya jingina da takardar shaida ko da abin da ya tara cikin wayar hannu. Gazali ya gyara rabin matsalar, ya kwashe ilmin daga takarda ya zuba a ka. Sauran rabin, watau isar da shi daga ka zuwa zuciya, sai da ya jira wajen shekara 20.

Daga Ɗus ya nufi Naisabur, babban birnin ilmi na Hurasan, ya durƙusa gaban Imamul Haramaini Juwaini, jagoran malaman Shafi'iyya na zamaninsa. Nan ya ƙware a fiƙihu da usulu da ilmin tauhidi da manɗiƙi, ya kuma yi fice wajen muƙabala, har ya fara wallafa littattafai malaminsa yana da rai. Wani marubuci da ya san shi ido da ido, Abdul Gafir Farisi, ya shaida cewa a wancan lokaci Gazali mutum ne mai kaifin harshe, mai ji da kansa, yana kallon mutane da idon raini saboda baiwar magana da fahimta da Allah Ya yi masa. Da Juwaini ya rasu a shekara ta 478 (1085), sai Gazali ya tafi fadar Nizamul Mulki, wazirin sarakunan Saljuƙawa, wanda majalisarsa ta zama matattarar malamai. Ya kara da manyansu ya rinjaye su. A shekara ta 484 (1091) waziri ya naɗa shi babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, wadda babu kujerar koyarwa da ta fi ta daraja a duniyar Musulmi ta lokacin. Shekarunsa 34.

Sai dai tun kafin wannan akwai abin da ke cinsa a ciki, wanda ya bayyana a littafinsa mai suna Al-Munƙizu minad Dalal, da ya rubuta bayan ya haura shekara 50. Tun yana matashi ya lura cewa ɗan Kirista yakan tashi Kirista, ɗan Bayahude ya tashi Bayahude, ɗan Musulmi ya tashi Musulmi. Wannan ya sa ya ƙudura sai ya rarrabe abin da ya gada kurum daga iyaye da malamai da abin da ya sani sani na yaƙini. Ya fara da gwada gaɓoɓin ji da gani, ya tarar ido, wanda shi ne mafi ƙarfinsu, yana kallon inuwa ya ɗauka a tsaye take alhali tafiya take yi, yana kallon tauraro ya gan shi kamar dinari alhali lissafi ya nuna ya fi ƙasa girma. Ya koma ga hankali, sai ya tuna mai barci yakan gaskata mafarkinsa har ya farka, to, mene ne tabbacin babu wata farkawa a gaba da za ta ƙaryata hankalin? Ya yi kusan wata 2 cikin wannan hali. Bai bar addini ba, bai kuma fita yana yaɗa shakka ga jama'a ba. Ciwo ne ya same shi a zuci. Ya ce bai warke da tsara hujjoji ba, sai da wani haske da Allah Ya jefa masa a ƙirji, hankalinsa ya komo daidai. Mai karatu zai lura cewa babban malami irin wannan bai ji kunyar rubuta cewa tambayoyi sun taɓa girgiza shi ba. Akwai sauƙi a nan ga matashin da ya je makaranta ya haɗu da abin da ya motsa masa tunani, har ya soma zaton shi kaɗai ne irin haka ta taɓa samu.

A Bagadaza duniya ta ba shi hannu. Ɗalibai wajen 300 ke zama gabansa, Halifa yana jin maganarsa, fatawarsa tana kai wa nesa. A cikin ɗan lokacin da yake samu bayan darasi ya karance littattafan masana falsafa, irin su Farabi da Ibn Sina, ba tare da malami ba, cikin ƙasa da shekara 2, ya kuma yi wajen shekara yana juya su a ransa. Daga nan ya fito da Maƙasidul Falasifa inda ya bayyana ra'ayoyinsu, da Tahafutul Falasifa inda ya yi musu raddi a kan mas'ala 20. Amma ƙasar da kujerar take a kai ba ta zauna lafiya ba. A watan Azumi na 485 (1092) aka kashe Nizamul Mulki, bayan kamar wata guda Sarki Malik Shah ya rasu, 'ya'yansa suka shiga yaƙin gadon sarauta. Gazali yana gani da idonsa yadda girman da aka shekara 30 ana ginawa yake rushewa cikin 'yan makonni.

A cikin wannan yanayi ya juya ga littattafan sufaye, na Harisul Muhasibi da Abu Ɗalibil Makki da makamantansu. Ya fahimce su sarai, sai ya gane cewa wannan fanni ba ya samuwa da karatu kaɗai, kamar yadda likita mara lafiya zai iya sanin ma'anar lafiya da dukan magunguna alhali shi ba shi da ita. Sai ya zauna ya yi wa kansa bincike irin wanda ya saba yi wa abokan muƙabala. Ya duba ayyukansa, ya ga mafi kyawunsu shi ne koyarwa. Ya duba niyyarsa a cikin koyarwar, ya tarar ba don Allah tsantsa take ba, abin da ke tura ta shi ne son girma da yaɗuwar suna. Ba wanda ya tuhume shi da wannan. Jama'a yabonsa suke yi dare da rana. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zubar masa.

Tun daga watan Rajab na 488 (1095) ya shiga kai da kawo har kusan wata 6. Da safe ya ƙudura barin Bagadaza, kafin maraice son kujera ya warware ƙudurin, zuciya tana raya masa cewa wannan hali mai wucewa ne, in ya saki wannan matsayi ba lalle ya sake samunsa ba. Daga ƙarshe al'amarin ya fita daga hannunsa. Harshensa ya ɗaure, ya zo gaban ɗalibai yana so ya yi musu darasi ko don ya faranta musu rai, kalma ɗaya ta ƙi fita. Baƙin ciki ya sauka a cikinsa, abinci ya daina narkewa, ko romo ba ya iya haɗiya. Likitoci suka duba suka ce ciwon daga zuciya ya taso, kuma ba shi da magani sai an kawar da damuwar da ta haife shi. Wannan shi ne fashi na biyu da aka yi masa. Na farko an ƙwace takardu, wannan kuwa an ƙwace harshen da duk darajarsa ta rataya a kai.

A watan Zulƙida na wannan shekara ya fita. Ya bayyana wa mutane cewa Makka za shi, alhali Sham ya nufa, don kada Halifa da abokai su tare shi. Ya rabar da dukiyarsa, ya rage abin da zai ishe shi da iyalinsa, ƙanensa Ahmadu ya riƙe masa kujera. Surutu ya tashi. Na nesa suka ce tsoron masu mulki ne ya kore shi. Na kusa, da suka ga yadda masu mulkin suke manne masa, suka ce kambun baka ne ya sami Musulunci da malamansa. Kusan ba wanda ya yarda cewa dalilin na addini ne, domin a ganinsu kujerar da ya bari ita ce iyakar matsayi a addinin.

Tafiyar Sham da Hijaz ta ɗauki kusan shekara 2. A Dimashƙa yakan hau hasumiyar babban masallaci ya kulle kansa yini guda. A Baitul Muƙaddas haka yake yi a Ƙubbatus Sahra. A garin Halil, wurin kabarin Annabi Ibrahimu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ɗauki alkawari uku: ba zai ƙara zuwa fadar sarki ba, ba zai karɓi kuɗin sarki ba, ba zai sake shiga muƙabala ba. Ya yi aikin Hajji a 489 (1096). Ana ba da labari cewa wata rana a Dimashƙa ya shiga wata makaranta, ya ji malamin yana kafa hujja da sunansa ba tare da ya san shi ne a tsaye ba, sai ya ji tsoron kada jiji da kai ya komo masa, ya bar garin. Kewar 'ya'yansa ta jawo shi gida. Ya biyo ta Bagadaza a 490 (1097), ya sauka a masaukin sufaye maimakon Nizamiyya, daga nan ya wuce Ɗus.

A cikin waɗannan shekaru ya rubuta Ihya'u Ulumid Din, littafi 40 a cikin rubu'i 4: ibadu, al'adu, halaye masu halakarwa, da halaye masu tserarwa. A farkon rubu'i na uku ya ajiye babin abubuwan al'ajabi na zuciya, wanda shi ne ginshiƙin abin da ya fahimta game da ɗan Adam. Ya kwatanta mutum da gari. Zuciya ita ce sarki, hankali waziri ne mai nasiha, fushi sarkin dogarai ne, sha'awa kuwa bara ne da aka ɗora wa nemo abinci, maƙaryaci mai zuwa da siffar mai ba da shawara. Garin yana zama lafiya muddin sarki yana jin waziri, yana kuma sa sarkin dogarai ya tsare baran. Bai ce a kashe fushi ko sha'awa ba, domin gari ba ya rayuwa ba su; cewa ya yi kada bara ya hau gadon sarauta. Ya kuma tsaya kai da fata a kan cewa hali yana canzawa da horo da maimaitawa, in ba haka ba da wa'azi da tarbiyya sun zama aikin banza.

Inda alƙalaminsa ya fi kaifi shi ne kan son girma, don ciwon da ya yi jinya ke nan. Ya bayyana cewa kamar yadda mai dukiya yake mallakar kaya, haka mai girma yake mallakar zukatan mutane, kuma rai ya fi son na biyun, saboda ɓarawo ba ya sace shi, yana kuma yaɗuwa da kansa daga baki zuwa baki. Sa'an nan ya nuna cewa zukatan mutane saurin juyawa gare su, wanda ya kafa kansa a kansu kamar mai gini ne a kan igiyar ruwa. Masu ilmin halayyar ɗan Adam na zamani sun zo ta wata hanya sun taɓo wannan wuri. William James, masanin Amurka, ya yi bayani a 1890 cewa kowane mutum yana da wani kai na biyu da ke zaune a idanun waɗanda suka san shi, kuma a littafinsa na 1902 ya kawo labarin Gazali kansa. Erik Erikson ya yi suna da bayanin ruɗanin da matashi kan shiga wajen gane ko shi wane ne, ya fitar da littafi a kan haka a 1968. Inda Gazali ya sha bamban da su shi ne ma'auni: a wurinsa mutum ba ya sanin kansa sai ya auna ta da Wanda Ya halicce ta, shi ya sa ya buɗe littafinsa na Farisanci, Kimiya'us Sa'ada, da sanin kai kafin ya shiga sanin Ubangiji.

Ɗalibai su ne suka fi samun rabo a wannan bincike. A farkon Bidayatul Hidaya ya kasa masu neman ilmi uku. Akwai mai nemansa don guzurin Lahira. Akwai mai nemansa don duniya, amma ya san abin da yake yi ba daidai ba ne, wannan yana cikin haɗari, ana kuwa sa masa ran tuba. Na ukun shi ne wanda ya mai da ilmi tsanin tara dukiya da mabiya, kuma ya sakankance yana da matsayi wurin Allah saboda ya yi shigar malamai yana magana irin tasu. Abin lura, na biyu da na uku aikinsu ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne ɗaya ya san kansa, ɗayan bai sani ba. Ya ba da gwaje-gwaje masu sauƙin faɗi, masu wuyar ci. Mai jayayyar ilmi ya zama kamar mai cigiyar dabbarsa da ta ɓace, bai damu ba ko shi ya gano ta ko abokinsa. Mai wa'azi ya duba zuciyarsa ran da wanda ya fi shi ya bayyana, jama'a suka koma can: murna ya ji ko ƙunci? Tun da laifi tudu ne, mutum yakan taka nasa ya hango na wani, sai ya nuna hanya 4 ta gane aibin kai: malami mai basira, aboki mai gaskiya, bakin maƙiyi, da cuɗanya da jama'a, mutum ya tuhumi kansa da duk abin ƙi da ya gani a wurinsu. Ta uku ita ce mafi ɗaci, shi kuwa yana ganin sau da yawa maƙiyi mai tona aibi ya fi aboki mai daɗin baki amfani.

Kada a zaci ya raina ilmin zaman duniya. Ya sa likitanci da lissafi cikin farillan da in al'umma duka ta bari ta yi laifi. Har ya koka cewa a garuruwa da yawa babu likita Musulmi, kowa ya ruga fagen saɓanin fiƙihu, ya kuma faɗi dalilin a fili: ta nan ake samun alƙalanci da riƙon dukiyar waƙafi. Watau ko zaɓen fannin karatu, a wurinsa, madubi ne da ɗalibi zai ga niyyarsa a ciki.

A watan Zulƙida na 499 (1106) waziri Fahrul Mulki, ɗan Nizamul Mulki, ya matsa masa ya koma koyarwa a Nizamiyya ta Naisabur. Ya yi shawara da mutanen kirki, ya amsa. Ya san za a ce ya koma gidan jiya, sai ya bayyana cewa a da yana yaɗa ilmin da ake samun girma da shi, yanzu kuwa yana kira ga ilmin da ake sanin ƙasƙancin girman da shi. Abdul Gafir Farisi ya ziyarce shi sau da yawa a wannan lokaci, yana tuna tsohon halinsa, ya fara zaton tawali'un nan na gani ne kurum. Da ya daɗe yana lura sai ya tabbata mutumin ya canza da gaske. Shaidar mai shakka irin wannan ta fi yabon masoya nauyi.

Bai tsira daga suka ba. A 503 (1109) aka ƙone Ihya'u a birnin Ƙurɗuba na Andalus a zamanin Murabiɗai. Malaman hadisi sun nuna akwai ruwayoyi masu rauni da marasa asali a cikinsa, har Hafizul Iraƙi, wanda ya rasu a 806 (1404), ya bi hadisan ɗaya bayan ɗaya ya bayyana matsayinsu. Ibn Rushdi ya mayar masa da martani a kan falsafa. Duk da haka littafin ya ratsa duniya. Murtala Zabidi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1205 (1791), ya yi masa babban sharhi, kuma a hannun Zabidin nan ne Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya karɓi ijaza. Shehu da kansa yakan kafa hujja da Gazali a littattafansa.

Zaman Naisabur bai yi tsawo ba. Ya koma Ɗus, ya kafa makaranta ta ɗalibai da zawiya ta sufaye kusa da gidansa, ya raba lokacinsa tsakanin karatun Alƙur'ani, koyarwa da ibada. A 504 (1110) aka sake kiransa kujerar Bagadaza, ya ba da hanzari ya ƙi. A ƙarshen rayuwarsa wanda ake kira Hujjatul Islam ya koma ɗalibi, yana sauraron Sahihul Buhari da Sahihu Muslim wurin malaman hadisi, domin ya san nan ne guzurinsa ya yi ƙaranci.

Ƙanensa Ahmadu ya ba da labari cewa ranar Litinin, 14 ga Jimada Sani, shekara ta 505, cikin watan Disamba na 1111, Gazali ya yi alwala ya yi sallar asuba, ya sa aka kawo masa likkafaninsa, ya sumbace shi, ya ɗora a idanunsa, ya miƙe ƙafafu ya fuskanci alƙibla, ya cika kafin gari ya waye sosai. Shekarunsa 55 a lissafin Hijira. Ya bar 'ya'ya mata, aka binne shi a Ɗabaran, cikin garin da aka haife shi. Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa.